Ɗorin da Aka Yi a Gwiwa

Kun taso kuna jin ana cewa ni na kai kakarku Kano aka yanka ta, ta mutu. A gidan baffanku Sale aka fi faɗin haka, har 'ya'yansa suka haddace, kuma na san wasunku sun ji a wurin biki ko zaman makoki sun haɗiye don kada su ɓata mini rai. Ban taɓa mayar da amsa ba. Yanzu Sale ya riga mu gidan gaskiya, mahaifiyarku Rabi ma haka, ni kaɗai na rage cikin manyan da suka ga abin da idonsu. Saboda haka zan rubuta shi daki-daki, daga faɗuwa har kabari. Ina da laifi a ciki, amma ba a inda ake ɗora mini shi ba.

Sai kun fara sanin yadda muke da Inna kafin ku gane sauran. Ni ne ɗanta na fari. A ƙauyenmu da ke kudu da Tudun Wada, a wancan zamani, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Inna kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowa, don uwarta Bafulatana ce daga rugagen wajen Doguwa. Sunana Haruna, ban taɓa jin sa a bakinta ba. Idan tana so in ci abinci sai ta dubi turmi ta ce tuwo yana hucewa. Idan da wani a kusa sai ta ce, ku gaya wa wancan kaza. Sale kuwa auta ne, shi ne abokin hirarta. Da gemunsa yake kishingiɗa a tabarmarta yana tsokanarta, tana dukansa da mafici. Ban ɗauki wannan a kan ƙiyayya ba. Haka na ga ana yi a kowane gida, ni ma a lokacin haka nake yi wa yayarku Binta.

Abin ya faru da kaka, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Mahaifinmu ya cika shekara biyu da rasuwa, gida ya dawo hannuna. Na doshi arba'in, na gama ajin yaƙi da jahilci, an ba ni takarda, kuma ina ganin duk abin da bai bi ta gaban idona ba to ba a yi shi daidai ba. Wata Alhamis bayan la'asar mata sun gama sussuka, tsabar gero ta warwatsu a kan daɓe ba a share ba tukuna. Inna ta fito da buta za ta zaga. Ƙafarta ta hau tsabar, ta zame, ta zauna a kan gefenta na hagu. Ba daga kan komai ta faɗo ba. Yaro zai yi irin wannan faɗuwa sau goma a yini ya tashi ya ci gaba da wasa. Ba ta yi kuka ba. Ta dafa ƙasa za ta miƙe, ta kasa, ta sake, ta kasa. Mata suka ciccibe ta zuwa ɗaki. Sale ba ya gari, kwana uku ke nan da ya bi ayarin jakuna masu kai hatsi Jos wurin masu haƙar kuza.

Da safe na aika aka kira Baba Ɗanjuma, maɗorin ƙauyen da ke gaba da namu. Ɗori gadonsa ne, kuma ban yarda wani cikinku ya zage shi ba, don ya ɗora ƙafafu da hannuwa da yawa sun kama. Ya zo da kara fafaffe da tsumma da man shanu a ɗan ƙoƙo. Muka shiga ɗakin, ni da shi da Rabi. Inna ta ja zane ta rufe jikinta har ƙwauri, ta juya fuska ga bango. Baba Ɗanjuma ya tsuguna, ya gaishe ta, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Maigida, ko za ka ɗan ba mu wuri? Iyalinka ta isa."

"Ni ne babba a gidan nan, Baba. A gabana za a yi."

Rabi ta ɗan taɓa bakin rigata. Na harare ta, ta janye hannu. Wannan tsayuwa ita ce laifina na farko, ku riƙe ta.

"Iya, ina ne yake miki ciwo?" in ji Baba Ɗanjuma.

Inna ta ƙara jan zanen. Can sai hannunta ya fito daga cikin zane, ta ɗora shi a kan gwiwa. Ba ƙarya ta yi ba, gwiwar ma tana ciwo. Daga baya likita ya gaya mini ciwon kwatangwalo yakan sauka har gwiwa. Amma ta san inda tushensa yake, kuma ba za ta nuna ƙugunta ga namiji ba ɗanta na fari yana tsaye. Baba Ɗanjuma ya lalubi gwiwar, ya danna nan, ya danna can, bai ji ƙashi ya motsa ba. Ya kai hannu zai hau cinya, sai ta damƙe zanen da hannu biyu. Ya sake dubana. Ban gusa ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce wataƙila tsagewa ce, ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera kara kewaye da gwiwa ya ɗaure. Ya ce a bar ta kwana goma sha huɗu.

Kwanakin suka yi ta tafiya, Inna ba ta samun sauƙi. Ba ta iya zama, ba ta iya juyawa, abinci sai kunu kaɗan. Rabi ce ke goge mata jiki da kwashe mata bayan gida, amma Rabi matar ɗan fari ce, kunyar ta shafe ta. Kuma tunda Inna ta riga ta nuna gwiwa a gaban maza har aka yi aiki, sauya magana tamkar cewa ne ɗanta ya yi kuskure. A rana ta shida Rabi ta same ni a zaure ina gyaran igiya.

"Malam, ƙafar nan ba ta kwanta daidai ba. Ta faɗi waje, ƙaramin yatsa ne a kan tabarma. Na tayar da ita ta sake faɗawa."

"Ke kika gaji ɗori ko Baba Ɗanjuma?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa."

"Ya ce kwana goma sha huɗu. A cika kwanakin."

Wannan shi ne laifi na biyu. Kwanakin suka cika, aka kwance kara, ta kasa ko ɗaga diddige. Na ce a mayar, a ƙara mako guda.

A rana ta goma sha bakwai Sale ya dawo da hantsi. Ko ruwa bai sha ba ya wuce ɗakinta. Ni kuma na biyo shi, ina cire takalmi a bakin ƙofa, asabari ya kare ni, sai na ji sun fara magana. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Inna, na bar ki kina tsere da kaji, na dawo na tarar an ɗaure ki kamar damin dawa."

"Rufe mini baki, ɗan nema. Ina goron da ka ce za ka kawo?"

"Ga shi nan, sai kin tashi kin karɓa da kanki. Ina ke ciwon?"

"Sun ce gwiwa."

"Ban tambayi abin da suka ce ba."

Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, da irin muryar da ban taɓa samun rabona a cikinta ba.

"Can sama ne, a kwatangwalo. Tun ranar. In na motsa kamar ana soka mini basilla."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Yana tsaye a kaina."

Na mayar da takalmina na koma zaure. Abin da na tsaya a kansa kwana goma sha bakwai, Sale ya warware shi kafin a gama tauna ɓarin goro.

Aka sake kiran Baba Ɗanjuma. Wannan karon na zauna a waje. Ya miƙar da ƙafafun biyu ya haɗa diddige, ta hagu ta gaza ta dama da faɗin yatsa biyu. Ya fito ya same mu, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana murza hularsa.

"Karaya ce a cikin gurbi, inda cinya ta shiga ƙugu. Nan babu inda kara zai kama. Ubana bai ɗora irinta ba, ni ma ba zan yi muku ƙarya ba. Ku gyara mata shimfiɗa, ku yi ta addu'a."

Bai ce mini da ka fita daga ɗakin ranar nan ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

A nan muka rabu da Sale. Malamin da ya koya mana boko ya taɓa ba mu labari cewa a Kano akwai na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashi ta cikin nama, kuma likitoci suna haɗa abin da maɗori ya kasa. Na ce za a kai ta. Sale ya ce ba za a kai ta ba. Bayanta ya riga ya fara salɓewa saboda kwanciya, kuma tana ɗan tari. Ni ina ganin in an bar ta za ta ruɓe a kan tabarma muna kallo. Shi yana ganin in mutuwa ce gara ta same ta a ɗakinta, kusa da kabarin mijinta. Yanzu da na tsufa na san kowannenmu yana da rabin gaskiya. Amma zan faɗi abin da ban faɗa masa ba a lokacin: ba tausayinta kaɗai ke tura ni ba. Ina so in gyara abin da na ɓata, kuma ina so a ga ni na gyara.

Na aiki Rabi ta tambaye ta. Ta dawo ta durƙusa.

"Ta ce a gaya maka kai ne babba."

"Ka ji," na ce wa Sale. "Ta yarda."

"Yaya, ni ta gaya mini ba ta so. Ta ce tana tsoron a binne ta a inda ba ta san kowa ba."

"To me ya sa ba ta aiko mini da haka ba?"

"Kai ma ka san dalili."

Na sani. Duk da haka na ce a shirya. Idan kuna neman laifi na uku, ga shi nan, ko da yake har yau ban iya yanke hukunci a kansa ba kamar yadda na yanke a kan biyun farko.

Mutum huɗu suka ɗauke ta a kan gadon kara zuwa Tudun Wada. A hanya masu girbi suka riƙa ajiye lauje suna salati, sun zaci gawa ce. Muka sami motar gyaɗa mai zuwa Kano, aka shimfiɗa ta a kan buhuna, Rabi ta riƙe mata kai. Sale ya rako mu har gindin mota amma ya ƙi hawa. Ya miƙa mata goron nan a ɗaure cikin ganye.

"Na ce sai kin tashi, amma na fasa. Riƙe."

"Ka kula mini da akuyata, ta kusa haihuwa. Kada ka sayar ka ce kura ce."

Ya yi dariya, ya juya da sauri. Ganinsu na ƙarshe ke nan. Hanyar a lokacin jar ƙasa ce mai ramuka. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ga Inna ta cusa bakin zane a baki ta cije. Mun tashi da hantsi, ba mu shiga Kano ba sai gab da magariba.

Kwana biyu bayan an kwantar da ita a ɗakin mata na asibiti aka kira ni. Likitan Bature ne mai furfura a gefen kai, da wani malamin asibiti Bakano yana yi mana tafinta. Ya ɗaga wata baƙar takarda mai sheƙi ya kara ta a taga, sai ga ƙashin uwata fari fat. Na kawar da kai, don na ji kamar na leƙa abin da bai halatta in gani ba. Tafinta ya ce in duba. Likita ya nuna mini yadda ƙashin cinya yake da kai kamar goriba, da ɗan siririn wuya da ya riƙe kan. A wuyan nan karayar take, kai yana cikin gurbi, sauran ƙashin ya zame sama. Shi ya sa ƙafar ta gajarce ta faɗi waje. Na tambaya yadda ƙaramar faɗuwa za ta karya babban ƙashi. Ya ce ƙashin tsofaffi, musamman matan da suka yi haihuwa da yawa, yakan zama kamar karan da gara ta ci, waje lafiya ciki fanko. Inna ta haifi goma sha ɗaya, mu huɗu muka rayu.

Sannan ya ciro wata ƙusa daga aljihun tebur, ta fi yatsana tsawo, mai kaifi uku. Ya ce za a sa ta barci, a tsaga gefen cinya, a ja ƙafar ƙashi ya koma mazauninsa, a buga irin wannan ƙusa ta ratsa wuyan ta riƙe kan. In ta kama, za a iya zaunar da ita, daga baya ta taka da sanda. In ba a yi ba, ba za ta ƙara tashi ba, kuma kwanciyar ce za ta kashe ta. Ya ƙara wata magana, tafinta ya ɗan yi jinkiri kafin ya juya mini ita.

"Ya ce aikin nan a kwanakin farko ake son yin sa. Yanzu ƙirjinta ya yi rauni. Yana tambaya me ya tsayar da ku mako uku."

"Ka ce masa hanya ce da nisa."

Aka kawo takarda da tawadar dangwala yatsa. Na ce a ba ni alƙalami, na iya rubutu. Na rubuta Haruna da kyau, harafi bayan harafi. Abin kunya ne, amma na ji daɗin yadda tafinta ya kalli rubutun.

Inna tambaya ɗaya ta aiko Rabi da ita: in ta mutu, da ƙusar za a binne ta? Na je masallacin da nake kwana a harabarsa na tambayi limamin. Ya ce babu laifi, magani ne, ba ya hana wanka ba ya hana sallah. Rabi ta kai mata amsa, ta ce to.

An shiga da ita tiyata da hantsi, aka fito da ita bayan azahar. Ta farka, ta yi amai, ta nemi ruwa. Ku lura da wannan, don shi ne abin da gidan Sale ba sa faɗa: ba ta mutu a ƙarƙashin wuƙa ba. Ƙafar ta miƙe, yatsu suna kallon sama kamar na 'yar'uwarta. A rana ta biyar bayan tiyatar aka jingina ta da matashi ta zauna, karo na farko cikin kusan wata guda. Da la'asar ake barin maza su shiga. Nakan tsaya daga ƙarshen gado in gaishe ta, ta juya fuska ta amsa wa Rabi. Ranar da ta zauna ɗin, ta dubi ƙarfen gado ta yi magana.

"Ce masa ya nemi malafa. Ranar birni ta ƙona shi."

Na sayi malafar a ranar. Tana nan cikin akwatina, wadda kuka sha tambaya me ya sa ban yar ba.

A rana ta takwas tarin ya dawo da zazzaɓi. Numfashinta ya riƙa fita da ƙara kamar ana jan tabarma a kan yashi. Suka yi mata allurai, suka riƙa juya ta, abin ya ƙi. A rana ta goma sha biyu, da hantsi, Rabi ta fito bakin ƙofa ba mayafi a kanta, na gane. Likita ya ce ƙusar ta kama, ƙirjin ne ya gaza, kuma ciwon ya samo asali tun doguwar kwanciyar gida. Na tambayi Rabi ko ta bar wasiyya. Ta ce ta ambaci Sale sau biyu, ta tambaya ko akuya ta haihu, sannan ta yi kalmar shahada. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan.

Babu motar da za ta yi kudu sai bayan kwana biyu, gawa kuwa ba ta jira. Aka yi mata sutura, mutanen masallacin nan suka taya ni sallah, muka kai ta maƙabartar bayan ganuwa. Cikin waɗanda suka zuba mata ƙasa babu wanda ya san sunanta sai ni, ni kuma ban iya faɗinsa ba. Abin da ta ji tsoro shi ya same ta, kuma ta hannuna. Bayan shekara uku na koma neman kabarin, ban gane shi ba.

Da muka dawo gida Sale ya karɓi gaisuwar mutane, bai karɓi tawa ba. Da rani ya ja danga ya raba gidan, ya fasa tasa ƙofar ta gabas. Mun yi shekara tara muna haɗuwa a sahu ɗaya ba mu gaisa. Daga baya muka koma gaisawa, amma hira ba ta dawo ba har ya rasu. Ya ce na kai ta an yanka ta, na bar shi a kan haka, don in na ce ba tiyata ce ta kashe ta ba, sai in faɗi abin da ya kashe ta. Shi kuwa ya sani. Shi ta gaya wa ina tsaye a kanta, kuma bai taɓa fitar da wannan magana ga kowa ba. Ya zaɓi ya zarge ni da ƙaramin laifin ya rufa mini babban. Ku gaya wa 'ya'yansa haka.

Saura abu ɗaya. Ranar da muka sauka daga Kano, na shiga tsakar gida da ƙurar hanya a jikina, mata sun cika wurin suna koke-koke. Yayarku tana tsugune a bakin murhu, a lokacin ba ta fi shekara goma sha biyu ba, kuma ban taɓa kiran sunanta ba tun ranar da aka raɗa shi. Na tsaya a kan daɓen nan, daidai inda Inna ta zame, na ce, "Binta, kawo mini ruwa." Kuka ya tsaya. Ita kanta ba ta motsa ba, ta waiga tana neman wata Bintar. Sai da na sake kira. Aka yi ta cewa boko da birni sun cire mini kunya. Na umarci Rabi ita ma ta riƙa kira, sai da ta shekara kafin bakinta ya iya.

Yanzu na wuce shekarun Inna da nisa, ƙafafuna sun fara rawa a bakin rariya. In kuka ji na faɗi, kada ku jira kwana goma sha huɗu, kada ku jira ko ɗaya. Ku dubi yadda ƙafar ta kwanta, ku haɗa diddige, ku nemi mota. Sannan a kira mini Binta. Zan gaya mata inda yake ciwo.